Nazarin lamari: falon da fenti ruwan toka ya cinye wa haske

## Falon kafin a taɓa shi

Falo ne na wasu ma'aurata masu 'ya'ya biyu ƙanana. Tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Taga ɗaya gare shi, a ɗaya daga cikin gajerun bangwayen, faɗinta mita 1.5, tsayinta mita 1.2. Rana ba ta leƙowa ta tagar kai tsaye, saboda ɓangaren da take kallo da kuma rumfar da ke samanta. Duk hasken da falon yake samu da rana na sararin sama ne. Ƙofofi biyu ne, ɗaya a dogon bango, ɗaya a gajeren bangon da ke fuskantar taga.

Shekara da shekaru bangon yana ɗauke da fenti ruwan madara mai ɗan sheƙi, silin fari, ƙasa kuma tayil ne ruwan ƙasa mai karkata ga ruwan goro. Labulen mai kauri ne, rawaya-rawaya, kuma ko an zuge shi yana rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na gilashin. Da dare ƙwayayen LED biyu ne a silin, kowanne wat 15, yana ba da haske wajen lumen 1,500 (lumen ma'aunin yawan hasken da fitila take fitarwa ne), na irin farin nan mai lamba 6500K, lambar da ke nuna launin haske, wadda yadda take hawa haka hasken yake ƙara karkata ga shuɗi. Babu wanda ya taɓa cewa falon yana da duhu. Yara suna aikin makaranta a ciki, maigidan yana karatu a kujerarsa ba tare da ya nemi ƙarin fitila ba.

## Zaɓen launi

Uwargidan ce ta so canji. Ta ga hotunan faluka masu bango ruwan toka mai duhu, wanda yake da sirkin shuɗi a ƙarƙashinsa, ta ji ya kwanta mata. Launi ne na gidan RAL 7016, toka mai duhun nan da ake yawan gani a firam ɗin tagogi da ƙofofin ƙarfe, wanda lambarsa ta fito daga tsarin launuka na ƙasar Jamus. Wanda ta zaɓa ya ɗan fi wannan haske.

A shagon fenti ta duba katin launi, ɗan murabba'i da bai wuce faɗin yatsu uku ba, a ƙarƙashin fitilun shagon. A bayan katin akwai haruffan LRV da lamba 12. Wannan lambar tana nuna yawan hasken da fenti yake mayarwa cikin ɗaki daga kowane kashi 100 da ya sauka a kansa: baƙi wuluk yana kusa da 0, fari tas yana kusa da 100. Tsohon ruwan madarar da ke bangon yana wajen 75. Ba wanda ya duba lambar, kuma ba a sayi ɗan gwangwanin gwaji ba.

An sayi gwangwani biyu, lita huɗu-huɗu, mai ɗan sheƙi irin na da, domin an ce mata shi ne yake gogewa idan yara sun ɓata. Shawarar ita ce a shafe bango huɗu duka, a bar silin fari.

## Mako na 1: shafawar farko

Idan aka cire taga da ƙofofi, bangon da za a shafa ya kai murabba'in mita 48. Litar fenti mai haɗin ruwa takan rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafawa ɗaya a bango mai santsi, wato ana buƙatar wajen lita 9 don shafawa biyu. Lita 8 ke hannu. Mai fentin ya share ƙura, ya hau shafawa kai tsaye a kan tsohon fentin, bai goge shi da samfefa ba, bai sa fentin ƙarƙashi ba.

Shafawar farko ta bushe da dabbare-dabbare, ruwan madarar yana leƙowa ta ko'ina. Ya ce haka farko yake yi, ta biyu za ta rufe. Da ya ga fentin zai gaza, sai ya ƙara masa ruwa fiye da abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Duk da haka ya ƙare saura rabin dogon bango. A rana ta uku aka sayo gwangwani na uku, aka haɗa launin a inji da lamba ɗaya da ta farko, aka ƙarasa bangon daga tsakiya inda aka tsaya.

Ga abin da aka gani bayan ya bushe. Da hantsi bangon bai yi kama da katin ba, ya koma shuɗi-shuɗi, musamman ƙasa-ƙasa kusa da tayil da kuma gefen labule. A dogayen bangwayen biyu, inda hasken taga yake bi ta gefe, kowane tudu da kwarin filasta ya fito fili, har da tsofaffin ramukan ƙusa da aka cike tun da daɗewa. Gefen silin da kewayen ƙofofi, inda aka bi da burushi, ya fi tsakiyar bango duhu, sai ya zama kamar an zana wa kowane bango firam. A tsakiyar dogon bango kuma akwai layi a tsaye, inda sabon gwangwani ya haɗu da tsoho. Wanda ya zauna yana fuskantar taga sai idonsa ya riƙa yaji, domin gilashin yana walƙiya a tsakiyar bango mai duhu.

Da dare yaran suka kwashe littattafansu suka koma ɗaki.

## Mako na 2 zuwa na 4: gyare-gyare uku

Maigidan ya fara da abin da kowa zai fara da shi. Ya cire ƙwayayen wat 15 ya sa na wat 30, kowanne wajen lumen 3,000, su ma 6500K. Hasken ya dawo a kan tebur da kujeru. Amma bangon ya ƙara shuɗi, fuskokin mutane suka yi fari fat, kuma sheƙin fentin ya riƙa mayar da hoton ƙwan fitila a saman kowane bango. Ƙwan da kansa ya zama abin da ba a iya ɗaga kai a kalla. Inuwa a kusurwoyi da ƙarƙashin tebur ta yi kauri fiye da da.

A mako na uku aka kira mai fentin ya gyara wuraren da ba su rufu ba. Ya zo da burushi da ragowar gwangwani na uku, ya bi wuri-wuri yana taɓawa. Da safe kowane wurin da ya taɓa ya tsaya daban, ya fi kewayensa ƙyalli, ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. A makon ne kuma yaro ya dafa bango da hannu mai maiƙo, uwar ta goge da jiƙaƙƙen soso da sabulu. Wurin ya bar tabo mai faɗin tafin hannu biyu. Fenti mai haɗin ruwa yakan bushe a taɓa shi cikin awa ɗaya ko biyu, amma ƙarfinsa ba ya cika sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma mai duhu yakan fi jinkiri saboda yawan rinin da ke cikinsa.

A mako na huɗu wani ya ba su shawarar ƙwai mai ruwan ɗorawa, 2700K, irin hasken tsohon ƙwan lantarki mai zare. Suka sayi masu araha waɗanda ba a rubuta komai a kwalinsu ba sai wat da wannan lambar. Da dare shuɗin ya tafi, amma abin da ya maye gurbinsa bai yi wa kowa daɗi ba: bangon ya dushe, ya koma wani launi tsakanin toka da kore, tayil ya ƙara ja, labulen ya zama kamar ya daɗe ba a wanke ba. Da rana kuma babu abin da ya canza ko kaɗan.

A nan ra'ayi ya rabu. Maigidan ya ce a mayar da ruwan madara a huta. Ita ta ce, "Baban yara, launin nan na gan shi a wurare ya yi kyau, ba ƙarya idona ya yi mini ba. A ba ni dama ɗaya, a nemo wanda ya san aikin ya duba." Ko da an koma ruwan madarar ma, sai an sa fentin ƙarƙashi sannan a shafa sau biyu ko uku kafin duhun ya ɓuya, don haka kuɗin da za a kashe bai bambanta sosai ba. Ya amince.

## Mako na 6: bincike

Mai fenti na biyu dattijo ne. Bai zo da fenti ba, ya zo da tocila, da farar takarda babba, da ma'auni. Ya zo sau biyu a rana ɗaya, da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana.

Abu na farko da ya yi shi ne ya huda farar takardar a tsakiya, ya manna ta a bango dab da tayil, ya kira uwargidan. "Ranki ya daɗe, duba ta ramin nan, ki faɗa mini launin da kika gani." Ta duba ta ce toka ce, irin ta katin. Ya cire takardar, shuɗin ya dawo nan take. Ya maimaita a gefen labule, haka aka sake gani. Ido ba ya karanta launi shi kaɗai, yana auna shi da maƙwabcinsa ne, kuma yana tura shi zuwa kishiyar launin maƙwabcin. Kishiyar ruwan goro da rawaya ita ce shuɗi. Toka mai sirkin shuɗi da aka ajiye a kan tayil mai murabba'in mita 20 na ruwan goro dole ta ƙara shuɗi a ido. Wannan tsohon sani ne. Masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Michel Eugène Chevreul, wanda ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya sha jin koke cewa baƙin zarensu ba shi da ƙarfi. Da ya bincika sai ya gano rinin lafiyarsa lau, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne suke canza shi a ido. Ya wallafa bayanin a 1839.

Hasken tagar ma yana da nasa hannu a ciki. Hasken rana kai tsaye da tsakar rana yana wajen 5,500K, amma hasken shuɗin sama shi kaɗai yakan haura 10,000K, kuma yadda lambar take hawa haka haske yake ƙara karkata ga shuɗi. Falon nan na biyun kawai yake samu. Ga kuma bango huɗu suna mayar wa juna wannan hasken, kowace mayarwa tana ƙara ƙarfin sirkin da ke cikin fentin. Ɗan katin da ke hannu a shago ba zai taɓa nuna wannan ba.

Sai batun duhu, wanda ya fi kowanne nauyi. Hasken da mutum yake gani a ɗaki ba daga ƙwan fitila yake zuwa kai tsaye duka ba, mafi yawansa ya bugi bango ko silin ne ya dawo, wani ma ya dawo sau uku ko huɗu. Ana iya yin lissafi na kusa. Bango murabba'in mita 54 idan an haɗa da taga da ƙofofi, silin 20, ƙasa 20, jimla 94. A da bango yana mayar da kashi 75, silin wajen 85, tayil wajen 40, matsakaicinsu ya kama kashi 70. Ɗakin da yake mayar da kashi 70 yana ninka hasken fitilarsa kusan sau 3.3, domin kowane haske yana ta kai da komo kafin ya ƙare. Da bango ya koma 12, matsakaicin ya sauka zuwa wajen kashi 33, ninkin ya koma 1.5. Wato da ƙwayayen nan guda biyu, matsakaicin hasken da ke sauka a falon ya faɗo daga wajen luks 105 zuwa ƙasa da 50 (luks ma'aunin hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in mita ne). Kuma abin da aka rasa shi ne hasken nan mai laushi da ke cike kusurwoyi da ƙarƙashin tebur. Manyan ƙwayayen mako na biyu sun mayar da lissafin kusa da inda yake, amma duk daga wuri biyu a sama, shi ya sa suka kawo kashe ido da inuwa mai kauri.

Dattijon ya kwantar da tocilarsa a jikin dogon bango, hasken yana bi ta gefe. Ya riƙa zagaye kowane tudu da rami da fensir. Kafin ya kai ƙarshen bangon ya yi zagaye fiye da talatin. Ya ce wa maigidan, "Yallaɓai, duk waɗannan suna nan tun zamanin ruwan madara. Fari yana rufa wa bango asiri, duhu da sheƙi kuwa tona shi suke yi." Ya kuma sa farce a wani lungu bayan ƙofa, fentin ya ɓare ya biyo farcen, alamar bai kama tsohon mai sheƙin da ke ƙasa ba.

Dabbare-dabbaren ma ya yi bayaninsa. Abin da ke sa fenti ya rufe abin da ke ƙasansa galibi farar hodar titaniyam ce. Gwangwanin da ake haɗa launi mai duhu a cikinsa kaɗan ne yake da ita ko babu, don kada ta dusashe rinin. Saboda haka fenti mai duhu yakan fi mai haske wuyar rufewa a kan farin bango, balle an tsinka shi da ruwa. Gwangwani biyu kuma da aka haɗa a ranaku daban-daban suna iya bambanta da ɗan kaɗan ko da lamba ɗaya ce, kuma a launi mai duhu ɗan kaɗan ɗin nan ido yana kama shi.

## Mako na 7: gwaji a kan allo

Ya shafe alluna uku na falanki, kowanne santimita 50 da 70, da fentin ƙarƙashi ruwan toka sannan shafawa biyu, duk marasa ƙyalli. Na farko launin da ke bango ne, LRV 12. Na biyu duhunsa ɗaya amma an rage shuɗin. Na uku ya fi haske, wajen 20. Kwana uku ana yawo da su daga bango zuwa bango, da safe, da tsakar rana da dare, a bayansu an manna farar takarda don kada tsohon fentin ya ruɗi ido. An kuma shimfiɗa wani yadi fari-fari a kan tayil, an sauke labule gaba ɗaya, an sa ƙwai guda biyu na 3000K masu CRI 90 don gwaji.

CRI ma'auni ne na yadda fitila take nuna launuka kusa da gaskiyarsu, 100 ne ƙolinsa. Yawancin ƙwayayen gida suna wajen 80, marasa inganci kuma suna ƙasa da haka, kuma toka tana daga cikin launukan da suka fi saurin jirkicewa a ƙarƙashinsu.

Uwargidan ta zaɓi allo na farko, launinta na asali. A bangon da ke fuskantar taga da dogon bangon talabijin ya zauna daidai a kowane lokaci. A bangon taga kuwa duk allunan uku baƙi suka koma, domin wannan bangon ba ya samun hasken taga ko kaɗan, sai abin da sauran suka mayar masa.

## Mako na 8: sake aiki

Aikin ya ɗauki kwana shida, huɗu daga ciki ba a buɗe gwangwanin launi ba. An kankare duk inda fenti yake ɓarewa, an goge bango huɗu da samfefa har sheƙin ya mutu, an cike ramuka, an daidaita dogon bangon talabijin da siririn shafe daga sama har ƙasa, an sake gogewa ana bi da tocila. An share ƙura da ɗanyen tsumma aka bari ya bushe.

Bango biyu ne suka ci gaba da zama masu duhu: dogon bangon talabijin, murabba'in mita 15, da gajeren da ke fuskantar taga, 12. Waɗannan an sa musu fentin ƙarƙashi da aka rina ruwan toka matsakaici, sannan shafawa biyu na launin, marar ƙyalli amma irin wanda aka yi don ya jure goge. An juye gwangwanayen duka a bokiti ɗaya aka gauraya kafin a fara. Ba a ƙara ruwa ba. Mutum biyu suka yi aikin tare, ɗaya yana bin gefe da burushi, ɗaya yana biye da shi da rola tun gefen bai bushe ba, kuma ba a tsaya a tsakiyar bango ba sai an kai kusurwa. Bugun rola na ƙarshe duk daga sama zuwa ƙasa aka yi shi. An bar awa huɗu cif tsakanin shafawa da shafawa, kamar yadda gwangwanin ya ce.

Bangon taga da ɗaya dogon bangon, wanda doguwar kujera take jingine da shi, an mayar da su toka mai haske ƙwarai, LRV wajen 68, wadda ba ta karkata ga rawaya ba. Cikin bakin tagar an yi shi fari. Silin an sake masa fari. Da wannan matsakaicin abin da falon yake mayarwa ya hau zuwa wajen kashi 50, ninkin haske ya zama 2.

Fitilu suka koma shida maimakon biyu, kowacce wajen lumen 800, wat 9, 3000K, CRI 90, jimla lumen 4,800. Biyu a silin cikin murfi mai tace haske, ɗaya doguwa a kusurwa tana haska silin, biyu a kan ƙananan tebura a gefen kujera, ɗaya a ɓoye bayan talabijin tana wanke bangon. A lissafi wannan ya mayar da falon wajen luks 100, kusan inda yake tun farko, amma yanzu daga wurare shida kuma a tsayi daban-daban. An sa sandar labule mai tsawo da ta wuce tagar da santimita 30 a kowane gefe, yadda idan an zuge gilashin duka a buɗe yake, labulen kuma fari-fari ne mai sauƙi. An shimfiɗa kafet mita 2 da 3, toka mai haske, ya rufe tsakiyar tayil. An bar teburin katako da firam ɗin hotuna na katako yadda suke, aka rataya uku daga cikinsu a bango mai duhu.

An hana taɓa bangon da ruwa har mako huɗu.

## Bayan wata shida

Yara sun dawo falo da littattafansu, suna zama kusa da fitilar tebur. Launin bangon da rana toka ce mai ɗan shuɗi kaɗan, da dare toka ce zalla, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai a ce launi biyu ba ne. Layin tsakiyar bango da firam ɗin gefe sun tafi. Talabijin idan an kashe ta tana narkewa cikin bangon. Maigidan, wanda ya nemi a koma ruwan madara, shi ne ya ce kada a taɓa shi.

Abu uku sun rage. A gefunan da kafet bai kai ba, ƙasan bangon yana ɗan yin shuɗi da hantsi. Ƙura tana bayyana a bangon mai duhu fiye da na mai haske, sai an bi shi da busasshen tsumma mai laushi kusan kowane mako biyu. Wutar da fitilu suke ci kuma ta tashi daga wat 30 zuwa 54 idan an kunna duka, ko da yake ba kullum ake kunna su tare ba.

## Hukunci

A ganina uwargidan tana da gaskiya tun farko game da launin, kuma hujjar ita ce lamba ɗaya aka sake haɗawa a mako na takwas, ba a canza ɗigo ɗaya na rini ba. Maigidan shi ma yana da gaskiya cewa falon ya lalace, domin ɗakin da ya rasa fiye da rabin haskensa ya lalace ko da launinsa ya kai ina a kyau. Kuskuren da ya fi girma shi ne shafe bango huɗu a ɗaki mai taga ɗaya da rana ba ta shiga, kuma lambar 12 da ke bayan katin ta isa ta yi gargaɗi. A ɗaki mai manyan tagogi biyu, ko ɗakin kwana da ba a karatu a cikinsa, bango huɗu masu duhu suna iya zama lafiya lau, ba na cewa haramun ne. Wannan falon dai ɗakin aiki ne na iyali, bai da hasken da zai yi asara.

Gyare-gyaren mako na biyu zuwa na huɗu sun gaza ne domin kowanne ya kama matsala ɗaya ya bar sauran. Babban ƙwai ya ƙara yawan haske bai gyara rabonsa ba. Ƙwai mai ruwan ɗorawa ya taɓa dare ya bar rana. Taɓe-taɓen burushi kuwa ba ya taɓa ɓuya a fenti mai duhu mai sheƙi, bango guda ake sakewa daga kusurwa zuwa kusurwa. Mai fenti na farko ina ɗora masa laifin tsinka fenti da tsallake samfefa, amma lita 8 da aka ba shi da ma ba za ta isa ba, kuma zaɓen mai sheƙi ba nasa ba ne.

Inda nake da saɓani da dattijon shi ne gajeren bangon da ke da ƙofa. Marar ƙyalli mai duhu yana da raunin da ba a kauce masa: duk inda hannu ko kafaɗa suke yawan gogawa, wurin yakan yi santsi ya fara ƙyalli. Kewayen makunnin fitila a wannan bangon ya riga ya fara, faɗin tafin hannu ɗaya, kuma wankewa ƙara shi take yi. Da an sa faranti mai faɗi a bayan makunnin tun ranar farko, ko a yi wannan bangon da fenti mai ƙyalli kaɗan tunda hasken taga gaba da gaba yake zuwar masa ba ta gefe ba, da an kauce wa haka. An ajiye lita 2 daga bokitin da aka gauraya, a rufe ruf da lambar haɗin a rubuce a murfin, kuma shi ne za a sake shafe wannan bangon da shi gaba ɗayansa idan wurin ya ƙara faɗi.